Sabuwar rada a tsohon jirgi ko sabon jirgi gaba ɗaya: wanne ya dace da sararin samaniyar Cadi?

Tun ranar 10 ga Disamba 2024, da jiragen Mirage 2000 na Faransa suka fara ɗagawa daga sansanin Adji Kosseï da ke Njamena suna komawa gida, sannan aka miƙa sansanin kansa ga sojojin Cadi a ƙarshen Janairun 2025, wata tambaya da a da hafsoshi kaɗai ke yi wa juna ta gangaro har majalisun shayi na Njamena da Kusiri: yanzu wa zai riƙa hango mana abin da ke tahowa, kuma da wace na'ura? Matasan da ke bin labarin jiragen yaƙi a wayoyinsu sun kasu gida biyu. Ɓangare guda yana cewa a ɗauki jiragen MiG-29 da ƙasar ta riga ta mallaka a sa musu sabuwar na'urar rada, tunda da na hannu ake fara gyara kafin a nufi kasuwa. Ɗaya ɓangaren yana ganin zuba kuɗi a jirgin da aka ƙera tun zamanin Tarayyar Sobiyet asara ce, gara a sayi sabo wanda ya fito daga masana'anta da radarsa ta zamani. Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika ambato ba, domin ba ta da kwarjini a faretin ranar 'yancin kai ta 11 ga Agusta, wato a bar hancin jirgin yaƙi yadda yake, a kai radar wani wuri dabam. Ita na fi karkata gare ta, amma sauran biyun suna da hujjojin da ya kamata a saurara da kyau kafin a yanke hukunci.

Abin da ke ƙasa dai sananne ne. A 2008 Cadi ta sayo jiragen Su-25 guda shida daga Yukren, ta ƙaro wasu daga baya, kuma su ne suka ɗauki nauyin yawancin hare-haren da sojojinta suka kai ta sama, daga tsibiran Tafkin Cadi har zuwa hamadar arewa. A wajajen 2014 aka kawo MiG-29 guda uku, su ma daga Yukren, sannan a 2023 aka karɓi Hürkuş-C guda uku da jirage marasa matuƙi samfurin Anka guda biyu daga Turkiyya. A cikin masu matuƙin nan, MiG-29 ne kaɗai yake da rada a hanci. Abin da ke hancin Su-25 na'urar leza ce mai suna Klen-PS, wadda ke auna nisan abin da za a harba, shi kuwa Hürkuş da kyamara yake gani. Haka abin yake a tsallaken iyaka, domin jiragen Alpha Jet da Kamaru ta ajiye a sansanin Garwa tun shekarun 1980 su ma leza ce gare su, ba rada ba. Saboda haka duk wanda ya ce a sabunta radar jiragen yaƙinmu, a sani cewa a kan jirage uku yake magana, kuma wannan adadin shi ne zai yi ta dawowa a lissafin da ke gaba.

Aikin rada bai wuce aika siginar rediyo da sauraron amsa-kuwwarta ba. Radar jiragen yaƙi tana aiki ne a zangon da ake kira X, tsakanin gigahaz 8 zuwa 12, inda tsawon igiyar bai wuce kamar santimita 3 ba, kuma daga lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta dawo ake gane nisa. Saurin abin da aka hango kuwa daga sauyin muryar amsa-kuwwar ake gane shi, kamar yadda ƙarar babur ke yin siriri idan yana tunkaro mutum, ta kuma yi kauri da zarar ya wuce. Da wannan dabara, wadda ke ɗauke da sunan Doppler, rada ke ware jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa daga amsa-kuwwar duwatsu da bishiyoyi. Akwai wata doka ta lissafi da masu talla ba su son a tuna musu: idan ana son ninka nisan da rada ke gani sau biyu ta hanyar ƙara ƙarfi kaɗai, sai an ninka ƙarfin sau 16. Shi ya sa kowane ƙarin kilomita da aka rubuta a takardar talla yake zuwa da buƙatar ƙarin wuta da ƙarin sanyaya.

Radar da MiG-29 na farko suka zo da ita, N019, tana cikin zubi na farko, mai faranti da ake juyawa da inji hagu da dama, kuma tana hango jirgin yaƙin da ke fuskantarta daga nisan da bai fi kilomita 70 ba. Ita ce ma radar da wani injiniyan kamfanin Phazotron, Adolf Tolkachev, ya miƙa wa hukumar leƙen asirin Amurka sirrinta kafin a kama shi a 1985, abin da ya tilasta wa Sobiyet yi mata gyaran gaggawa. Ke nan an haura shekara arba'in da sanin lagonta. Zubi na biyu, wanda ake kira PESA, ya daina juya faranti, yana karkatar da siginar ne da lantarki, sai dai tushen siginar guda ɗaya ne tal, kuma MiG-31 ne ya fara shiga aiki da irinta a 1981. Zubi na uku shi ne AESA, wanda F-2 na Japan da wasu F-15C na Amurka suka fara ɗauka a wajajen 2000, kuma a kansa ake wannan muhawara.

Fuskar radar AESA cike take da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, a wasu jiragen fiye da dubu, kowace ƙwaya tana aika tata siginar tana kuma karɓar amsa. Tunda babu abin da ke juyawa, hasken radar na iya tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ta yadda matuƙi zai riƙa bin jirgin abokin gaba a sama yana kuma zana hoton ƙasa kusan lokaci guda. Idan tushen siginar tsohuwar rada ya ƙone, jirgin ya makance ke nan har sai an sauko da shi, amma idan ƙwayoyi ashirin ko talatin suka mutu a AESA, ganin ne kawai zai ɗan ragu. Ga ƙasar da kayan gyara ke ɗaukar watanni kafin su iso, wannan ya fi kowane ƙarin kilomita daraja. Tana kuma sauya zangonta a kai a kai tana rarraba ƙarfinta, har ya zama da wuya na'urar gargaɗin abokin gaba ta ji ta ko ta dagula ta. Bahaushe zai ce tsohuwar rada shela take yi, sabuwar kuwa raɗa. Waɗannan dalilai ne suka sa Faransa ta mayar da jiragenta na Rafale daga radar RBE2 zuwa RBE2-AA, Amurka ta fito da radar APG-83 domin tsofaffin F-16, masu jirgin Typhoon kuma suka koma radar Captor-E, wadda Kuwaiti ta fara karɓa.

To, a ɗauki hanya ta farko, ta sa wa MiG-29 sabuwar rada. Ba mafarki ba ne, domin an yi an kuma ci riba. A 2008 Indiya ta ƙulla yarjejeniyar kusan dala miliyan 960 da Rasha domin sabunta MiG-29 fiye da 60, aka sa musu Zhuk-ME, wadda bisa alƙaluman masu ƙera ta take hango jirgi daga kimanin kilomita 120, tana bin goma a lokaci guda, tana kuma iya jagorantar hari a kan huɗu. An ƙara musu tankin mai a gadon baya, da bututun shan mai a sama, da sabon ɗakin matuƙi. A nahiyarmu ma Maroko ta sabunta Mirage F1 guda 27 da radar RC400 ta kamfanin Thales a kan kimanin Yuro miliyan 350, wato kusan Yuro miliyan 13 kowane jirgi, wanda a kuɗinmu ya haura Sefa biliyan 8. Abin lura shi ne, a duka misalan biyu radar da aka sa mai juya faranti ce, ba AESA ba. Rasha ta baje kolin Zhuk-AE tun 2007, amma ba ta zama kayan da mai ƙananan kuɗi zai je ya saya a ɗora masa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin haɗa radar da jirgin. Kafin a ɗaura ta a jirgi na farko, sai injiniyoyi sun sake zana wayoyin wuta, sun sake rubuta manhajar da ke haɗa rada da makamai da allon matuƙi, sun gwada ƙoƙon hancin ko siginar na ratsa shi ba tare da karkacewa ba, sun lissafa nauyi domin kada ma'aunin jirgin ya goce, sannan a yi watanni ana gwajin tashi. Wannan kuɗi ɗaya ne, ko jirgi uku za a gyara ko ɗari. Taiwan ta raba shi a kan F-16 kusan 140, Girka a kan fiye da 80, Indiya a kan fiye da 60, Maroko a kan 27. Mai jirgi uku ba shi da wanda zai raba da shi, sai dai ya karɓi abin da aka riga aka ɗinka wa wani, ko ya yi masa daidai ko bai yi ba.

Kawuna ya shekara fiye da talatin yana gyaran Land Cruiser a wani gareji a Njamena, kuma a wurinsa na fahimci batun wuta da sanyaya fiye da yadda na fahimce shi a takarda. Wata rana wani Alhaji ya kawo tsohuwar motarsa ya ce a sa mata na'urar sanyaya ɗaki irin ta sababbin motoci, da firji ƙarami, da manyan fitilu huɗu a kan rufi. Kawu ya buɗe bonet ya daɗe yana kallon dinamo, ya shafa wayoyin da suka bushe suna ɓarewa kamar ɓawon rake, sannan ya ce, «Alhaji, kayan nan duk za su shiga, amma ba za su kai ka Masaguet ba.» Alhaji ya ga kamar ana raina masa mota, ya kai wani wuri aka ɗaura masa. Da muka rage mu biyu na tambaye shi dalili, sai ya ce, «Ɗana, kowane sabon kaya da cikinsa yake zuwa, sai ka tambayi motar ko tana da abin ciyar da shi.» Radar AESA tana cikin kayan jirgin da suka fi cin wuta da fitar da zafi, yawancinsu da ruwan sanyaya na musamman suke aiki, kuma a filin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 tun kafin a tada inji, tsarin sanyayar da aka zana domin hunturun Turai ta Gabas ba shi da rarar da zai bayar. Babban abin da aka yi tallar APG-83 da shi ma shi ne cewa an zana ta daidai da wuta da sanyayar da F-16 yake da su tun asali. Ba a yi wa tsohon MiG-29 irin wannan ɗinkin ba.

Sai kuma tambayar wanda zai yi aikin. Masana'antar gyaran jirage ta Lviv, inda Yukren ke sabunta nata MiG-29, makamai masu linzami na Rasha sun faɗa mata a Maris 2022, kuma ƙasar da ke yaƙin ceton kanta ba ta da jirgi ko kayan gyaran da za ta raba da kowa. Rasha tana da gwanintar, amma masana'antunta sun duƙufa ga nata yaƙin, ga kuma dokar Amurka ta CAATSA ta 2017 da ke barazanar takunkumi ga mai yin babban cinikin makamai da ita. Masana'anta ta 558 da ke Baranovichi a Belarus ta san MiG-29 da Su-25 ciki da bai, sai dai ita ma takunkumi na kanta. Ko an samu mai yi, akwai darasin Aljeriya, wadda a 2008 ta mayar wa Rasha MiG-29 guda 15 bisa ƙorafin ingancin kayan da aka haɗa su da shi. Idan Aljeriya mai injiniyoyi da ƙarfin ciniki ta shiga wannan hali, ƙaramin mai saye sai ya buɗe ido sau biyu. Bayan haka, rada ba ta harbi da kanta: makamin R-27R na tsohon MiG yana buƙatar radar ta ci gaba da haska abokin gaba har ya same shi, don haka sabuwar rada ba tare da makami irin R-77 mai tasa ƙaramar radar ba, gani ne kawai babu kamawa. Ita kuma gangar jikin jirgin awa 2,500 aka ƙayyade mata tun asali, kuma ba sabuwa aka sayo ta ba.

Ba zan hana MiG-29 haƙƙinsa ba. Yana da ƙofofin da ke rufe bakin injinsa yayin gudu a ƙasa, iska ta riƙa shiga ta sama, dabarar da ta dace da filayenmu masu tsakuwa da yashi, yana hawa sama da sauri, kuma akwai matuƙa da makanikai da suka riga suka saba da shi. Amma gajeren zango ne da shi, mai cikinsa ba ya kai shi fiye da kimanin kilomita 1,500 a miƙe, alhali daga Njamena zuwa Faya kaɗai kusan kilomita 800 ne ta sama, a ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,284,000.

Hanya ta biyu ta kauce wa yawancin waɗannan matsaloli, domin a sabon jirgi an haifi rada da wuta da sanyaya da makamai tare. F-16 mai APG-83, wanda Amurka ta amince a sayar wa Maroko a 2019, da Rafale irin na Masar, sun fi ƙarfin aljihunmu, don haka ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Waɗanda ke kusa da hannu su ne JF-17 zubi na uku na Pakistan da Sin, mai radar AESA samfurin KLJ-7A, da M-346FA na kamfanin Leonardo mai radar Grifo, wanda Najeriya ta yi odar guda 24, da FA-50 na Koriya ta Kudu, wanda aka zaɓa wa samfurinsa na Folan radar PhantomStrike mai sanyaya da iska maimakon ruwa, abin da ke rage wa makaniki wahala ƙwarai. A tsakaninsu, JF-17 ne jirgin tare hanya na gaske, mai gudun da ya wuce na sauti da makamai masu cin dogon zango. M-346FA bai kai shi gudu ba, amma yana haɗa horar da matuƙa da kai hari a ƙasa a jiki ɗaya, kuma yana da inji biyu, wanda ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne ga mai ratsa hamada. Amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne maƙwabtaka: Najeriya tana da JF-17 guda uku tun 2021, kodayake na zubi na biyu ne masu tsohuwar KLJ-7, kuma duk jirgin da maƙwabci ke amfani da shi ana iya raba horo da kayan gyara a kansa. Farashin ukun nan kuwa ya kai kimanin dala miliyan 184, kuma uku ba runduna ba ce, domin a kowane lokaci akwai wanda ke kwance ana duba shi.

Kuɗin saye ma shi ne ƙaramin ɓangare. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara masana'antar makamai, ta sayi jiragen yaƙi samfurin Gripen guda 26, amma daga ƙarshen 2021 har zuwa Satumban 2022 babu ko ɗaya da ya tashi, saboda an rasa kuɗi da yarjejeniyar kula da su. Mu ma muna da namu darasin, wanda bai buƙaci abokin gaba ba. Ranar 1 ga Yuli 2017 guguwa ta ratsa Njamena, kuma na tuna yadda kwanon rufin maƙwabtanmu ya tashi ya naɗe a jikin turken wuta kamar tabarma. Washegari aka ji cewa a Adji Kosseï iskar ta yaye rumfunan da jirage ke ƙarƙashinsu, ta lalata MiG-29 ɗaya da wasu Su-25 da jirage masu saukar ungulu. A awa guda aka yi babbar asara. Radar AESA da za a ajiye a ƙarƙashin irin waccan rumfa, cikin ƙura da zafi, ba tare da ɗakin gwaji mai sanyi da wuta tsayayya ba, kwalliyarta ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Kafin a zaɓi ido, sai a tambayi abin da ake son gani. Gaskiya ne an taɓa kawo wa Njamena hari ta sama: ranar 17 ga Fabrairu 1986, kwana ɗaya bayan jiragen Jaguar na Faransa sun ragargaza titin jirgin Wadi Dum da Libiya ta gina a arewacin Cadi, wani Tu-22 na Libiya ya biyo hamada ƙasa-ƙasa ya jefa bama-bamai a filin jirgin babban birni, kuma a Satumban 1987 makamin Hawk na Faransa ya kakkaɓo wani a kan birnin. Amma tun daga lokacin, yawancin abin da ya girgiza ƙasar nan da mota ko da kwalekwale ya zo. A Fabrairun 2008 ayarin motocin 'yan tawaye ya taso daga iyakar Sudan har cikin Njamena. A Fabrairun 2019 motoci tsakanin 40 zuwa 50 suka shigo daga Libiya suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a yankin Ennedi, har sai da aka nemi Mirage na Faransa suka tare su. A Afrilun 2021 wani ayarin ya kai Kanem, inda Shugaba Idriss Déby ya samu raunin da ya yi ajalinsa. A Bohoma a Maris 2020, inda aka rasa sojoji kusan 100, da Barkaram a Oktoban 2024, inda aka rasa kimanin 40, maharan daga cikin tafki suka fito. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da radar hango jirgi daga kilomita 150 za ta hana.

Wani zai ce to kyamara ta wadatar, tunda Hürkuş da Anka suna da ita. A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo. Kwarin Bodele, da ke tsakanin Faya da tafki, shi ne wuri mafi tada ƙura a duniya, kuma daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta ta shimfiɗa mana. Na taɓa tsayawa a gadar Ngeli, wadda ta haɗa Njamena da Kusiri, da hantsi a watan Janairu, ina jin ƙahon motocin da ke ɗaya bakin amma ban ga ko inuwarsu ba, rana kuma ta koma kamar farin faranti da mutum zai kalla ido buɗe. A irin wannan rana kyamarar da ke kilomita biyar a sama, har da mai ganin zafin jiki, aikinta ya ragu ƙwarai, kuma masu shirya ayari sun san haka sarai. Siginar rada mai santimita 3 kuwa ratsa wannan ƙurar take yi kusan kamar babu ita, haka ma gajimaren damina da duhun dare. Dabaru biyu ne ke da amfani a nan. Ta farko, wadda ake taƙaitawa da SAR, tana amfani da tafiyar jirgin kansa wajen harhaɗa amsa-kuwwa ta zama hoton ƙasa mai kaifi, har a ƙirga motocin da aka ɓoye a gindin dutse. Ta biyu, GMTI, tana tsinto duk abin da ke motsi a faɗin fili ta nuna inda ya nufa, kuma babu wurin da ta fi jin daɗin aiki kamar hamada, inda mota ashirin da ke tafiya a jere ba su da abin fakewa.

Radar AESA ta sabon jirgin yaƙi tana yin waɗannan duka biyu, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga hanya ta biyu. Sai dai jirgin yaƙi awa ɗaya ko biyu yake yi a wurin sintiri ya juya neman mai, alhali gadin iyaka aikin yini da kwana ne. Hanya ta uku ta ginu ne a kan raba aikin: mai gani daban, mai duka daban. A ɗora ƙaramar radar kallon ƙasa, irin su PicoSAR ta Leonardo, ko Lynx da ke kan jirgin Amurka marar matuƙi na MQ-9, ko SARPER ta kamfanin Aselsan, a kan jirgi marar matuƙi da ke iya kwana a sama, ko a kan jirgi mai farfela irin Cessna 208B da Amurka ta bai wa Cadi da Kamaru bibbiyu a 2018 domin leƙen asiri. Kuɗin awa ɗaya na irin waɗannan bai kama ƙafar na MiG ba. Shi kuma Su-25, mai ɗakin matuƙi na ƙarfen titaniyom da injin da ba ya tsirfa, a sabunta masa abin da yake buƙata domin ya karɓi wurin da aka nuna masa ya isa can da dare: na'urar sanin wuri ta tauraron ɗan'adam, da hanyar karɓar bayanai daga mai gani, da allon da ya dace da tabaran dare, da kwanson kyamara da leza domin bama-bamai masu bin haske. An yi irin wannan tun 2001 a samfurin Su-25KM na masana'antar Tbilisi da kamfanin Elbit, kuma Bulgeriya ta sabunta nata guda takwas a Belarus. Rasha ta taɓa gwada rataya wa Su-25 radar Kopyo a cikin kwanso a ƙarƙashin ciki, amma abin bai yaɗu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu farfaɗo da shi ba.

Wannan hanya tana da nata raunin, har guda biyu. Na farko, a cikin tafki rada ba ta da kaifin da take da shi a hamada, domin ciyayi da tsibirai masu yawo suna rikita hoton, kuma ɗigon da ke motsi a allo ba ya faɗin ko masunci ne daga Baga Sola ko mai ɗauke da bindiga. A can dole kyamara da bayanin mutanen gari su tabbatar kafin a saki komai. Na biyu, ba ta tare jirgin da ya keto sararin samaniya. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cika gabashinmu da jirage marasa matuƙi, waɗanda ƙanana ne kuma masu tafiyar hawainiya, irin abin da tsohuwar N019 ke iya ɗauka a matsayin tarkacen ƙasa ta watsar, alhali AESA ta fi iya tsinto su. Amma ko a nan, abin da ake fara buƙata radar ƙasa ce da za ta ce wa matuƙi ya tashi. Lanƙwasar duniya ta sa radar da ke kan hasumiya mai mita 10 ba ta ganin jirgin da ke tafiya a tsayin mita 100 sai ya matso kusan kilomita 55, dabarar da Tu-22 na 1986 ya yi amfani da ita ke nan, don haka guda ɗaya a Njamena ba ta tsare Abeche ko Faya ba, kowanne sai da tasa, da janaretanta, da layin sadarwar da ke haɗa su.

Idan aka jera ukun a kan kuɗi guda, ga yadda nake ganinsu. Sabuwar rada a MiG-29 uku ita ce mafi tsada idan aka auna da abin da za a samu, kuma ba zan ba da shawararta ba sai dai gyaran da zai riƙe su suna tashi na 'yan shekaru. Hanya ta uku ita ce ke amsa barazanar da aka gani da ido tun 2008, kuma ana iya yinta kashi-kashi, a fara da gine-ginen ajiye jirage masu jure guguwa da radar kallon ƙasa, a bi da Su-25, sannan radar ƙasa a gabas da arewa. Kamaru, wadda matsalarta a yankin Arewa Mai Nisa ta fi kama da tamu ta tafki, kuma Alpha Jet ɗinta sun tsufa, za ta fi cin moriyar jirgi irin M-346FA fiye da mu, tunda dole ne ta sake jirgin ko ta so ko ta ƙi. Hukuncina zai sauya ya koma ga JF-17 ko makamancinsa ne kawai idan wata ƙasa ko ƙungiya mai jiragen yaƙi na gaske ta kafu a iyakar arewa ko ta gabas, kuma ko a lokacin, kada adadin ya gaza takwas zuwa goma sha biyu, sannan a rubuta a yarjejeniyar, kafin a biya kason farko, yawan ƙwayoyin rada na ajiya da za a bari a Njamena, da shekarun da kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajar, da kuma ko makanikanmu ne za su riƙa buɗe na'urar a nan ko kuwa sai an naɗe ta an mayar da ita masana'anta duk lokacin da ta yi tari.